Ga mai rubuta labarin ta'addanci: agogon da ke riƙe mai karatu shi ke sa marubuci ƙarya

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara basira. Na karanta tambayarka tare da taƙaitaccen labarin da babi ukun da ka haɗo. Ga waɗanda ba su gani ba, ɗan'uwanmu yana rubuta ƙagaggen labari ne na bincike: wani jami'in tsaro ya samu labari cewa za a tayar da bam a wata babbar tashar jirgin ƙasa cikin awa 72. An kama mutum ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, ya ƙi magana, jami'in ya kulle ƙofa ya gana masa azaba har ya faɗi sunan shugabansu. Can gaba aka gano cewa maigidan jami'in ne ke tsegunta musu bayanai, sannan aka kwance bam ɗin saura daƙiƙa kaɗan. Abin da yake son sani shi ne ina ƙarfin irin wannan littafi, ina kuma rauninsa, don ya gyara tun bai yi nisa ba.

Na daɗe ina karanta irin waɗannan littattafai, nagari da na banza, kuma su ne suka ja ni na koma bin rahotannin yadda aka binciki hare-hare na gaskiya. Abin da na fahimta shi ne ƙarfinsu da rauninsu daga wuri ɗaya suke fitowa, wato wa'adin nan da marubuci ke ɗora wa taurarinsa.

Bari in fara da abin da ka yi daidai, don ba kaɗan ba ne. Da zarar mai karatu ya san saura awa 72, komai sai ya yi nauyi: wayar da aka ƙi ɗauka, motar da ta maƙale a cunkoso, shugaban da ya ce a bari sai gobe. A labarin kisan kai da muka saba, ɓarna ta riga ta auku, mai bincike sawu kawai yake bi, ba abin da zai dawo da mamaci. A naka kuwa waɗanda za su mutu suna nan da ransu, suna kan layin yankar tikiti, mai karatu ya sani, su ba su sani ba. Wannan sanin shi ke hana mutum ajiye littafi. Kuma ka iya sarrafa shi. A babi na biyu ka bar jami'in ka koma kan yaron da aka ba jakar bam ɗin, yana zaune shi kaɗai a ɗakin haya yana duba wayarsa, ya tashi ya wanke rigar da ba ta yi datti ba, ya shanya ta, ya dawo ya zauna, ya sake tashi ya taɓa ta ya ji ko ta bushe. Ko sau ɗaya ba ka ce yana jin tsoro ba, wankin rigar ya faɗa mana. Wallahi wannan shafin ya fi duk harbe-harben babi na ɗaya. Nan ne ƙagaggen labari ya fi jarida: jarida adadi take bayarwa, kai kuwa kana da damar zaunar da mu a ɗaki ɗaya da mutum ɗaya har mu ji numfashinsa.

To amma wa'adin nan yana matsa wa marubuci kamar yadda yake matsa wa jaruminsa. Lokaci ya ƙure, dole a samu bayani yanzu, sai marubuci ya bi hanya mafi sauƙi. Kai ma ita ka bi, kuma nan ne zan fi daɗewa, don shi ne babin da ya fi damuna.

Ka lura da abin da ka tanadar wa jami'inka kafin ya ɗaga hannu. Kai marubuci ka san wanda aka kama mai laifi ne. Ka san ya san sunan shugaban. Ka san bam ɗin gaskiya ne, ka san ranar tashinsa, ka kuma shirya cewa abin da zai faɗa cikin azaba gaskiya ne. Da ka cire duk wani kokwanto, sai duka ya zama kamar shi ne hankali, mai hana shi kuma ya zama rago ko munafuki. A duniyar gaske ba jami'in da ya taɓa samun waɗannan tabbatattun abubuwa a haɗe. A Disamba 2014 kwamitin leƙen asiri na Majalisar Dattawan Amurka ya fitar da taƙaitaccen rahotonsa kan yadda hukumar CIA ta tsare mutane bayan harin 11 ga Satumba 2001. Cikin mutum 119 da ta tsare, rahoton ya ce aƙalla 26 ba su ma cancanci a tsare su ba, kuma ya yanke cewa azabtarwar ba ta zama hanya mai inganci ta samun bayanai ba. Akwai kuma Ibn al-Shaikh al-Libi, wanda aka miƙa wa Masar, aka matsa masa har ya ce Iraƙi ta horar da 'yan al-Ƙa'ida kan makamai masu guba. Wannan maganar ta shiga jawabin da Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya yi a Majalisar Ɗinkin Duniya a Fabrairu 2003, gab da mamaye Iraƙi, daga baya mutumin ya janye ta. Wanda ake azabtarwa abin da zai tsayar da azabar yake nema, ko gaskiya ne ko ƙarya.

Ba wa'azi nake maka ba, shawara ce ta sana'a. Ka gwada juya babin. Jami'in ya yi dukan, mutumin ya ba shi suna da adireshi, aka kwashi runduna aka tafi, aka fasa gida aka tarar da tsohuwa da jikokinta. Awa goma sun tafi a banza cikin 72, wanda aka kama yana kwance ba ya iya magana, lauya ya samu abin da zai rusa shari'ar da shi, jami'in kuma ya san shi ya jawo. Yanzu agogon ya fi cizo, jaruminka ya zama mutum mai abin da zai hana shi barci, kuma ba ka koya wa matashin da zai karanta littafinka, wanda watakila gobe shi zai sa kaki, cewa duka ne ke ceton rayuka ba.

Za ka ce, idan ba duka, ta ina za a kama bakin zaren? Ai nan ne tarihi ya fi marubuta gwaninta. A 26 ga Fabrairu 1993 an tayar da bam a ƙarƙashin Cibiyar Kasuwanci ta Duniya a New York, mutum shida suka mutu. Masu bincike suka shiga ramin da bam ɗin ya haƙa suna tonon ƙarafa, har suka ci karo da wani guntun jikin mota mai ɗauke da lambar da kamfani ke buga wa kowace mota. Lambar ta kai su ga wata motar haya da aka karɓa a Jersey City. Wanda ya karɓe ta, Mohammed Salameh, ya riga ya kai rahoto cewa an sace ta, kuma yana ta zarya yana neman a mayar masa da dala 400 da ya ajiye na jingina. A 4 ga Maris ya koma karɓar kuɗin, jami'ai na jiransa. Ka duba wannan da idon marubuci: mutum ya shiga aikin da aka so ya kashe dubbai, amma ya kasa haƙura da dala 400. Da ni na ƙirƙiro wannan a littafi, da an ce na raina wa masu karatu hankali.

Ko na Oklahoma, 19 ga Afrilu 1995, inda mutum 168 suka mutu, 19 daga ciki yara ne. Kimanin awa ɗaya da rabi bayan fashewar, wani ɗan sandan kan hanya ya tsayar da wata mota saboda ba ta da lamba a baya. Ya lura direban na ɗauke da bindiga a ƙarƙashin riga, ya kama shi a kan wannan, ba tare da ya san wa ya kama ba. Direban, Timothy McVeigh, ya kwana biyu a ƙaramin kurkukun gunduma, ana dab da sakinsa, sannan masu bin sawun motar hayar da aka loda wa bam suka gano cewa wanda duk ƙasa ke nema yana hannu tun ranar farko. Shi kuma Ted Kaczynski ya shekara 17 yana aika bama-bamai ta gidan waya, daga 1978 zuwa 1995, duk ƙwararru suka gaza, sai ƙaninsa ne ya karanta dogon rubutun da jarida ta buga masa ya gane salon yayansa, ya sanar da hukuma. Lambar mota, kuɗin jingina, ɗan'uwan da ya kwana yana tunanin ko ya tona asirin jininsa. Irin waɗannan su ne naman labari, kuma kowane ɗaya ya fi ɗakin azaba riƙe zuciya.

Wannan ya kawo ni kan shugaban 'yan ta'addanka. Ka yi shi mai sanyin murya, mai jin harsuna biyar, mai hango komai tun kafin ya faru, ba ya gumi, ba ya kuskure. Na gane dalili: ana so abokin gaba ya yi girma don nasarar jarumi ta yi girma. Amma abu biyu ke damuna. Na farko, ba haka suke ba. Mutane ne masu gardama kan kuɗi, masu hassadar juna, masu mantuwa, masu tura yaran wasu su mutu su kuma su ɓuya. A Disamba 2001 Richard Reid ya zauna a jirgin sama daga Paris zuwa Miami yana ta ƙyasta ashana don ya kunna bam ɗin da ke takalminsa, bai kama ba har ma'aikatan jirgin da fasinjoji suka danne shi. Na biyu kuma ya fi muhimmanci: ɗan ta'adda ba abin da yake so kamar a ɗauke shi gagarabadau. Aikinsa ke nan, ya sa a ji tsoronsa fiye da ƙarfinsa. Idan ka ba shi kalamai mafi daɗi a littafin, ka ba shi kwarjinin da ya fi na kowa, to ka taya shi talla ba ka sani ba. Ka nuna shi yadda yake, mai haɗari ƙwarai amma ƙaramin mutum. Ka bar mu mu ga lokacin da yake yi wa yaron nan mai wankin riga alkawarin da shi kansa ba zai yarda ya gwada ba.

Game da ko su wane ne, na ga ka bar ƙungiyar ba suna ba manufa, sai dai gemu da 'yan kalmomin Larabci da suke jefawa. Wannan gadon littattafan Turawa ne da yawa, kuma na sha karanta su raina na ɓaci, inda kowane mai sallah abin zargi ne sai wanda ya yarda ya zama ɗan rahoto. A kwanakin farko bayan harin Oklahoma kafofin labarai sun yi ta nuna yatsa ga Gabas ta Tsakiya, sai ga shi tsohon sojan Amurka ne farar fata. Wanda ya kashe mutum 77 a Norway a 22 ga Yuli 2011 ɗan ƙasar ne mai ƙin Musulmi. Waɗanda suka saki iskar sarin a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokyo a Maris 1995 'yan ƙungiyar Aum Shinrikyo ne, cikinsu har da masu digiri a kimiyya. Kuma inda masu kisan suke fakewa da Musulunci, Musulmi suka fi kashewa: yara sama da 130 a makarantar Peshawar a Disamba 2014, mutum sama da 500 a Mogadishu a 14 ga Oktoba 2017. Amma ka kiyayi ɗaya ramin ma, wanda wasu marubutanmu ke faɗawa, inda a babin ƙarshe za a ce duk abin shirin wata ƙasar waje ce, don a wanke kowa. Idan ƙungiyarka da addini take yaudara, ka rubuta haka ba tsoro. Ka nuna yadda ake farautar yaron da ke jin an wulaƙanta shi, yadda ake raba shi da iyayensa da malamansa na da, yadda ake ba shi abokai da suna da abin alfahari. Ka kuma sa malamin da ya tsaya ya ƙaryata su, don su ne farkon waɗanda irin waɗannan ƙungiyoyi ke kashewa.

Maganar maigida maci amana kuwa, mai karatun da ya saba zai gano shi tun babi na uku, don duk shugaban da ya cika kirki a irin wannan littafi an san inda za a ƙare. Ba sai ka nemo maci amana ba, gazawar gaskiya ta fi ban takaici. Hukumar da ta binciki harin 11 ga Satumba ta nuna a rahotonta na 2004 cewa CIA ta san da Khalid al-Mihdhar da Nawaf al-Hazmi, biyu daga cikin maharan, tun taron da aka yi a Kuala Lumpur a Janairu 2000, amma ba a sa su a jerin waɗanda ake sa wa ido ba sai Agusta 2001, alhali sun zauna a San Diego da sunayensu na gaskiya. A Nuwamba 2009 mahaifin Umar Farouk Abdulmutallab da ƙafarsa ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja ya kai kukan ɗansa, amma ba a soke bizar yaron ba, ya hau jirgi daga Amsterdam zuwa Detroit ranar 25 ga Disamba da bam a jikinsa, fasinjoji ne suka tare shi. Ba wanda ya sayar da ƙasarsa a nan. Takarda ce ta kwana a tebur, wannan ofishi ya ƙi gaya wa wancan, kowa na kare hurumin aikinsa. Idan maigidan jami'inka mutumin kirki ne da ya ƙi sa hannu saboda an taɓa tozarta shi kan rahoton ƙarya, mai karatu zai ji haushinsa ya kuma fahimce shi, kuma wannan ya fi wuya a rubuta, ya fi daɗewa a rai.

Akwai mutum ɗaya da ban gani ba a taƙaitawarka, wato wanda aka kama bisa kuskure. Jami'anka duk wanda suka nuna, shi ne. A 22 ga Yuli 2005, mako biyu bayan hare-haren London da suka kashe mutum 52, 'yan sanda suka bi wani matashi ɗan Brazil mai aikin wutar lantarki, Jean Charles de Menezes, har cikin jirgi a tashar Stockwell suka harbe shi a ka, suna zaton ɗan ƙunar baƙin wake ne. Hanyar aiki ya kama, bai san komai ba. Mutum shida da aka ɗaure a 1975 kan bama-baman Birmingham sai 1991 aka sake su bayan an rusa hukuncin. Gaggawar da agogo ke haifarwa a kan irin waɗannan take sauka, kuma littafin da ya ɗauki agogon ya bar su ya faɗi rabin labari ne.

Haka mutanen tashar. A babi na uku ka ce "dubban fasinjoji", ka wuce. Dubbai ba sa sa kowa hawaye. Ka zaɓi biyu ko uku ka ba su abin da ya kawo su tashar da wanda ke jiransu a ɗaya ƙarshen. Kuma kada ka mayar da su tumakin da jarumi zai ceta kawai. A harin Mumbai na Nuwamba 2008, wanda mahara goma suka kashe mutum 166, mai sanarwa a babbar tashar jirgin ƙasa, Vishnu Zende, ya ci gaba da magana ta lasifika yana nuna wa fasinjoji ƙofar da za su bi su tsira, ana harbi a ƙasansa. Ɗan sandan da ya sa aka kama Ajmal Kasab, ɗaya daga cikin maharan, da rai, Tukaram Omble, sanda ce kawai a hannunsa. Ya riƙe bakin bindigar har abokan aikinsa suka danne maharin, shi kuma ya rasu. Tasharka tana da mai sanarwa, tana da mai shara, tana da mai duba tikiti. Ɗaya daga cikinsu zai iya zama wanda ya lura da yaron da jakarsa.

Sauran ƙanana ne, zan bi su da sauri. Ka rage sunayen bindigogi da lambobinsu, shafi guda na wannan mai karatu tsallakewa yake yi. Bayanin yadda aka haɗa bam ka cire shi gaba ɗaya. Labarin bai buƙace shi ba, kuma ba ka san hannun da littafin zai faɗa ba. Matar jami'in a yanzu ba ta da aiki sai kira a waya tana ƙorafin bai dawo gida ba, ko ka ba ta rayuwarta ko ka sallame ta. Kuma ba kowane babi ne zai ƙare da ƙarar harbi ko ƙofa ta buɗe ba, idan ya yi yawa mai karatu yakan daina razana.

Sai ƙarshen. Kwance bam saura daƙiƙa uku an yi shi har ya gaji, kuma kowa ya san wayar da jarumi ya yanke ita ce daidai. Ko ka bari a tare harin tun da sauran awanni ta wata hanya ƙarama irin waɗanda na ambata, ko ka yarda wani ɓangare ya tashi, ka rubuta abin da ya biyo baya. Jirgin Pan Am ya tarwatse a kan garin Lockerbie na Scotland a 21 ga Disamba 1988, mutum 270 suka mutu, aka bi gonaki da dazuzzuka ana tsintar tarkace har aka samu guntun na'urar saita lokaci wanda bai wuce farce ba, amma hukunci bai zo ba sai Janairu 2001, kuma har yau akwai iyalan mamatan da ba su gamsu da shi ba. Ba na cewa ka ja littafinka shekara 12. Babi biyu sun isa: ɗaya a kotu, inda lauya zai tambayi jami'inka abin da ya faru a ɗakin da ya kulle, ɗaya kuma a gidan uwar yaron da aka ba jakar.

Ka fara da sake rubuta babin tambayoyin nan, don duk abin da ka yanke a kansa shi zai canja sauran littafin. Idan ka gama ka turo shi tare da babi na biyu yadda yake, kada ka taɓa masa ko kalma. Allah ya taimaka.